FETUR, GAS KO CAJI? TARIHIN ABIN DA MOTOCINMU KE SHA A ƘASAR GOBIR



Bayan an kwashe albasar rani, wani yayanmu a nan Unguwar Lalle ya haɗa kuɗin albasarsa da na bijimai biyu da ya sayar, ya ce mota zai saya ya riƙa jigilar fasinja da kaya zuwa Sakkwato. In ban da gonar gado, iyakar abin da ya mallaka ke nan. Da maganar ta iso majalisarmu bayan sallar isha'i sai kowa ya zama gwani. Wani ya ce ya nemi Golf mai fetur kamar yadda kowa ke yi. Wani ya ce mai gas ta fi jan kaya kuma ba ta da shan mai. Mu kuwa da muka ɗan leƙa kwalejin kimiyya da fasaha muka dawo da takardar difiloma, cewa muka yi ai duniya ta wuce nan, ya nemi mai ruwa biyu, wato wadda ke haɗa fetur da batir, ko ma ta lantarki zalla, tunda Allah bai hana mu rana ba.

Akwai wani dattijo a wurin, tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin idonsa ya yi rauni. Sai da muka gama hayaniyarmu ya gyara zama ya ce: "Ɗiyana, na jiya ku duka. Amma ita wagga da kuke yabo, in ta ji ƙishirwa tsakanin nan da Goronyo, ina za ta sha? In ta kwanta ciwo, wa za ya duba ta?"

Ba mu da amsa a daren. Tambayar ce ta sa muka koma bin tarihi, kuma abin da muka tarar shi ne, tun ranar da mota ta fara shigowa ƙasar nan, mai saye ba shi kaɗai ke zaɓen abin da motarsa za ta sha ba. Hanya tana zaɓar masa, gwamnati tana zaɓar masa, bakanike ma yana da nasa bakin. Bari mu bi abin daki-daki.

Kafin mu yi nisa, a lura da kalmar gas. A bakin direbobinmu gas shi ne man dizal, wanda 'yan uwanmu na tsallaken iyaka ke kira gazuwal. Yanzu kuma an kawo iskar gas ta CNG ta raba suna da shi. Duk inda muka ce gas kawai a wannan rubutu, dizal muke nufi.

TAKARAR FARKO

Da yawanmu mun ɗauka motar lantarki sabuwar aba ce. Ba haka ba ne. A 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai aiki da fetur a Jamus. A 1897 injin Rudolf Diesel ya tashi yadda ake so. A daidai wannan lokaci motocin batir suna yawo a titunan Landan da Faris da New York. Wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne, kuma akwai masu tafiya da tururi. Har mai ruwa biyu an gwada: Ferdinand Porsche ya haɗa injin fetur da na lantarki a mota guda a farkon ƙarni na 20.

A wancan zamani motar lantarki ta fi daɗin sha'ani. Ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, ba a kuma murɗa mata hannu kafin ta tashi, alhali mai fetur tana iya karya wa mutum hannu wajen tayarwa. Matar Henry Ford da kanta motar lantarki take hawa. To me ya kayar da ita?

A 1901 aka haƙo mai mai yawa a Texas, fetur ya yi araha. A 1908 Ford ya fito da motarsa Model T a kan dala 850, kuma kafin tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya sauko ƙasa da dala 300. A 1912 aka fara sa wa motar fetur abin tayarwa na lantarki, aka huta da murɗa hannu. Sannan ga babban dalili: ƙauyukan Amurka ba su da wuta. Har tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a can. Manomi yana iya ɗauko fetur a gwangwani ya kai gida ya ajiye, amma ba ya iya ɗauko wutar birni. Wato tambayar da dattijonmu ya yi mana ita ce manomin Amurka ya yi shekara ɗari da suka wuce, kuma amsarta ce ta ba fetur sarauta.

ZAMANIN GARWA DA ROKA

A ƙasar Gobir, tun zamanin Alƙalawa har zuwa kafuwar Sabon Birni a ƙarni na 19, jaki da raƙumi da takarkari su ne motocin fatake. Abincinsu yana bakin hanya, maganinsu yana hannun mai su. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka raba ƙasar Gobir da Faransawa, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa can, mu muka faɗo nan.

Injin farko da ya taɓa rayuwar kakanninmu jirgin ƙasa ne, shi kuwa gawayin kwal na Inugu yake ci. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan gyaɗa da auduga da fatun yankin Isa da Shinkafi da Sabon Birni suka sami tashar da za a kai su. Da farko jakuna da raƙuma ke kaiwa, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe aikin.

Babu gidan mai a lokacin. Daga ƙasashen waje ake kawo fetur da kananzir cikin garwa mai cin galan huɗu, a hau da su jirgin ruwa, a sauke a Ikko, a ɗora wa jirgin ƙasa. In an juye man, garwar ta zama ta ɗibar ruwa da awon kaya, shi ya sa sunanta ya zauna daram a harshenmu. Direban wancan zamani da garewaninsa yake tafiya, domin in mai ya ƙare masa a daji babu mai sayar masa.

Da lodi ya ƙaru sai gas ya karɓe manyan motoci. Dalilin yana cikin yadda injin ke aiki. Injin fetur yana gauraya mai da iska, fulogi ya ƙyasta masa wuta. Injin gas ba shi da fulogi: matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Wannan matsi ne ke ba shi ƙarfin jan kaya tun yana tafiya a hankali, ya kuma sa lita ɗaya ta kai shi nesa fiye da ta fetur. Shi ya sa Marsandi ƙirar 911, wadda muke kira roka, ta zama sarauniyar hanyoyinmu marasa kwalta, kuma shi ya sa injin niƙa na ƙauye ya zama mai gas. Tun daga lokacin aka yi rabon gado: nauyi na gas, sauri na fetur.

ZAMANIN KWABO

An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, matatar Fatakwal ta fara aiki a 1965. Amma abin da ya fi shafar mu a nan gabashin Sakkwato ya faru ne a shekarun 1970. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta tsayar da cewa farashin mai ya zama ɗaya a duk faɗin ƙasa. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ya riƙa biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa lunguna. Ma'anar wannan ita ce, a hukumance, mai mota a Sabon Birni zai sha lita a kan kuɗin da mai mota a Ikko ke sha, duk da tazarar da ta haura kilomita dubu. An share nisa daga cikin lissafi. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, aka ja bututu zuwa ma'ajiyar mai ta Gusau, inda tankoki suka riƙa ɗauka suna rarraba mana.

A 1975 ɗin dai kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. Ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata. Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha, a-kori-kura ta zama ta cin kasuwannin ƙauye. A 1978 litar fetur kwabo 15.3 ce, a 1982 ta koma kwabo 20. A Faransa ana ƙera irin waɗannan motoci masu injin gas, kuma direbobin tasi na can sun rungume su saboda tsadar fetur. A nan babu mai wannan damuwa. Wa zai sayi mota mai ƙara da hayaƙi don ya tsimi man kwabo ashirin?

A nan ne aka kafa harsashin da muke kai har yau. Yaran da suka shiga garejin kanikanci a wancan lokaci kafireta da fulogi suka koya. Masu shagunan kayan gyara na fetur suka tara. Gidajen mai na ƙananan garuruwa famfon fetur suka fi kula da shi. Waɗannan yara su suka zama iyayen gidan kanikawan da muke da su yanzu.

KWATANO DA RABUWAR GAS DA FETUR

Farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye, lita ta koma kwabo 39.5. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma wa tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, a ratso da su ta Nijar, su shigo ta iyakokin Arewa. Har yau in an ce mota 'yar Kwatano ce ko 'yar Beljiyam kowa ya san abin da ake nufi. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma asalin lamarin bai sauya ba: abin da Turai da Amurka suka hau suka gaji da shi muke saye.

Wannan ya ƙara mana wani mai zaɓe. Bature ya zaɓi motarsa bisa harajin ƙasarsa da sanyin ƙasarsa, bayan shekara goma ko sha biyar ta iso hannunmu. Ƙasashen Turai da dama sun sassauta wa gas haraji, har aka kai lokacin da kusan rabin sababbin motocinsu masu gas ne, kafin badaƙalar Volkswagen ta 2015, inda aka gano kamfanin yana maguɗi a gwajin hayaƙi, ta zubar wa gas da mutunci a can. Duk da yawan motocin gas a kasuwar tsofaffin motocin Turai, dillalanmu masu fetur suke tsinta, domin sun san abin da zai saidu a gida.

Kuma suna da hujja. A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula gwamnati ta cire hannunta daga farashin gas, ta bar shi ga kasuwa, amma ta ci gaba da tallafa wa fetur. Daga nan 'yan uwan biyu suka raba hanya. Fetur ya riƙa tafiya da sanarwar gwamnati: naira 11 a 1994, naira 65 a zamanin 'Yar'aduwa. A Janairun 2012 aka kai shi naira 141, ƙasa ta ɗauki zanga-zanga, aka dawo da shi 97. A Mayun 2016 ya koma 145. Gas kuwa yana bin kasuwar duniya da darajar dala. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, litar gas ta tashi daga ƙasa da naira 300 a farkon shekarar zuwa sama da 700 a tsakiyarta, alhali fetur a hukumance bai kai 200 ba. Wanda ya sayi ƙaramar mota mai gas saboda ƙarancin shan mai, a shekarar ya gane cewa ƙarancin sha ba ya amfani in abin shan ya ninka na maƙwabci sau uku.

IYAKA DA JARKA

Mu mazauna bakin iyaka muna da namu babin a wannan tarihi. Tunda a wancan lokaci fetur yana da tallafi a nan, babu irinsa a Nijar, sai jarka ta zama sana'a. Shekara da shekaru man Najeriya ke tsallakawa ta ɓarauniyar hanya zuwa Maraɗi da Madawa da Ƙonni, a kan babura da tsofaffin motocin da aka cire wa kujeru. Ko da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, man kwalba bai bar bakin titunan can ba. A nan gida kuma 'yan bumburutu su ne gidan man ƙauye. Kowa ya san aibinsu, daga tsada har gauraye, amma su ne amsar tambayar dattijonmu ta farko: in mota ta ji ƙishirwa a ƙauye, galan ɗinsu take sha.

Sai dai mun ga ranakun da wannan rijiya ta ƙafe. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Satumban 2021, saboda ta'addancin 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade abin da za a zuba wa mai mota a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka kuma katse layukan waya a yankinmu. Manufar ita ce a hana baburan daji samun mai, amma mai injin ban ruwa da ɗan kabu-kabu da mai kai maras lafiya asibiti duk sun ɗanɗana. A Oktoban shekarar aka afka wa kasuwar garinmu, aka kashe bayin Allah, aka ƙona motoci. A Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mun kawo wannan ne don a fahimci nauyin tambaya ta biyu. A wasu wuraren, mota ta mutu a hanya ɓacin rana ne da kuɗin janwe. A hanyoyinmu, mota ta mutu da la'asar sakaliya a tsakiyar daji magana ce ta rai. Direba a nan yana son motar da in ta yi tari, shi da yaron motarsa za su buɗe bonet su lallaɓa ta ta kai gari na gaba.

RANAR 29 GA MAYU 2023

A ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin fetur. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Ikko da 557 a Maiduguri. A dubi bambancin waɗannan alƙaluma biyu: nisan da aka share daga lissafi a 1973 ya dawo. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. Matatar Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, amma tana Ikko, kuma tankar da za ta kawo mana man gas take sha, kuɗin dakonta a kanmu yake.

Jarka ma ta ji a jikinta. Ribar tsallakar da mai ta ragu ƙwarai, kuma a Maris 2025 Nijar ta shiga ƙarancin fetur mai tsanani. Shekara hamsin fetur ya yi yana cin takara a ƙasar nan da taimakon alƙali. Yanzu da alƙalin ya janye, tambayar da ba a taɓa yi da gaske ba ta zama ta kowa, har ta iso majalisar Unguwar Lalle.

RUWA BIYU DA MOTAR CAJI

Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997, ita ce mota mai ruwa biyu ta farko da aka ƙera da yawa. Ba a jona ta da wuta. Injin fetur ne ke cika batirin, kuma duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza batir yake komawa. In an tsaya a cunkoso injin ya mutu da kansa. Saboda haka ribarta ta fi fitowa a cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa. A doguwar hanya ribar tana raguwa. Rauninta a wurinmu biyu ne: zafin da ke haura digiri 40 a watannin bazara yana tsufar da batir, ga ƙura mai toshe masa hanyar shan iska; sannan gyaranta sai mai na'urar kwamfuta, wanda sai an je babban birni.

A nan akwai abin alfahari gare mu. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, shi ya zana siffar samfurin farko na Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Motar ta shiga kasuwa a 2010. Ana cajin ta da wuta ta yi tafiyar kusan kilomita 60, in batir ya yi ƙasa ƙaramin injin fetur ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A zamaninsa aka harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Ikko, kuma a Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a ƙasar nan, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa na batir.

A waje abin ya yi nisa. A 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a Norway na lantarki ne. A farkon shekarar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da gas, tana taƙama da wutar babbar madatsarta ta kogin Nilu. Tarayyar Turai ta tsayar da 2035 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi, ko da yake ana ta jayayya a kan sassauta dokar. Tunda ragowarsu muke hawa, ko mun so ko mun ƙi wata rana masu batir ne za su cika filayen dillalai.

Amma mu yi lissafin gida. Batirin babbar Kona yana cin ma'aunin wuta 64, irin ma'aunin da mita ke ƙirgawa, kuma kamfanin ya ce yana kai ta kilomita 480 da ɗoriya. Faifan sola mai wat 300, in ya samu rana mai kyau ta awa biyar, ma'auni ɗaya da rabi yake bayarwa a yini. Ke nan kafin a cika wannan batir a yini guda sai an shimfiɗa faifai sama da 40, ban da sauran kayan haɗi. Wutar gwamnati kuwa, mu da muke kai wayoyinmu shagon mai caji mun san matsayinta a ƙauyukanmu. Kuma ita ma wutar tana da masu riƙe da makunninta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba ta, har zuwa Maris 2024. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi sama da mako cikin duhu bayan an lalata manyan layukan wuta. Iskar gas ta CNG da gwamnati ke tallatawa tun 2023 ita ma tana da arha, amma sai inda aka kafa tashar ɗura ta, kuma bututun da ya taso daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano ya nufa.

Duk da haka ba mu ce lantarki ba zai zo mana ba. Ya ma fara zuwa, ta ƙaramar ƙofa. Tun da fetur ya yi tsada, manoman fadama da dama suka mayar da injinan ban ruwansu zuwa gas ɗin girki, masu hali suka sayi na sola. Batirin babur ɗin lantarki galibi bai wuce ma'auni uku ko huɗu ba, abin da faifai kaɗan za su cika. In muka duba yadda fetur ya shigo mana cikin garwa tun kafin a gina gidan mai, ba mamaki lantarki ya shigo ta babur da keke mai ƙafa uku da shagon mai caji, kafin ya kai ga motar haya.

ABIN DA MUKA KOMA MUKA FAƊA WA YAYA

Da muka sake haɗuwa, muka ce masa: "Yaya, mun janye rabin maganarmu." Muka zayyana masa abin da tarihin ya nuna mana. Ma'aikacin da ke zaune cikin Sakkwato ko Kano, yana zirga-zirga tsakanin gida da ofis, mai ruwa biyu za ta rage masa kuɗin mai sosai, muddin ya sa an auna lafiyar batirin kafin ya biya, domin canza shi kuɗi ne masu yawa. Mai dakon buhunan albasa da hatsi zuwa Kudu, har gobe gas ne abokin tafiyarsa. Makaranta ko asibiti ko kamfanin da ke da rufin sola mai faɗi, kuma motarsa ba ta wuce tafiyar da aka sani kullum, ta lantarki za ta biya shi. Amma mai mota ɗaya tilo, wadda ita ce jarinsa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Sakkwato, yau dai fetur ne ke da mai sayarwa a kowane ƙauye da mai gyara a kowace tasha.

Ya yi dariya ya ce ai shi tun daren farko ya gama shawara, ya bar mu ne mu yi karatunmu. Ya sayo Golf 'yar Kwatano mai fetur. Kafin ya biya sai da ya tafi da bakaniken da zai riƙa duba masa ita. Kullum in ya dawo yana ƙorafin kuɗin mai, kuma ya ce ranar da aka fara sayar da caji a Goronyo kamar yadda ake sayar da galan, mu zo mu sake zama.

Dattijon direban nan ya gaya mana sunan mai motar farko da ya taɓa gani a yankinmu, da yadda mutane suka riƙa fitowa kallon ta, da inda ake samo mata mai. Ba mu taɓa ganin wannan a rubuce ko'ina ba, kuma masu irin wannan sani suna ta ƙarewa. Kowane ɗayanmu yana da irinsa a garinsu, a tasha ko a bakin gareji. A daure a je a gaishe su, a tambaye su, a rubuta.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya. Sai mun ji gyararrakinku.